Dogo Ɗan Laka

Ajiye takalmin nan, Gidado.
Ba sauro ba ne, rigarsa kawai ya ara.
Ba shi da allura, ba ya bin kowa bashin jini.
Fitila ya biyo, kamar yadda kai ma ka biyo ta
ka baro tabarmarka.

Dube shi a jikin bango:
ƙafa shida, kowace kamar zaren da ya warware daga gefen zane,
fiffike biyu, ɓawon albasa ya fi su kauri,
jiki duk rawa, sai ka ce tsoho a kan gadar itace.
Ka kama masa ƙafa ɗaya, ya bar maka ita ya yi gaba.
Ban taɓa ganin mai kyauta irinsa ba.

Kakarka, Adda Yelwa, ita ta raɗa masa Dogo Ɗan Laka.
Takan ce, kada ka neme shi a jigawa,
kada ka neme shi a faƙo,
shi ba ɗan tudu ba ne.
Gangara Maladumba da sassafe,
wuce inda shanu ke sha,
wuce inda bado ke shimfiɗa faifansa a kan ruwa,
ka tsaya inda ƙasa ta rasa abin da za ta zama,
ita ba ruwa ba, ita ba tudu ba,
inda sawunka ke cika da kansa kafin ka ɗaga ɗaya ƙafar.
Nan ne garinsu.

Can ƙasa yake soma rayuwa, tsutsa mai launin toka,
yana cin ruɓaɓɓen ganye cikin duhu, wata da watanni,
ba wanda ya san da zamansa sai zalɓe.
Fiffiken kuwa na 'yan kwanaki ne,
aron da ba a sabuntawa.

Bara, bayan an yanke shinkafa,
wata yarinya ta zo Misau, Ladidi sunanta,
da koma irin ta gidan sauro a bakin sanda,
da ƙananan kwalabe, da taswira a naɗe.
Ta ce, Baba, ina kuke ganinsa?
Na sa hula na shiga gaba.

Na ce, nan.
Nan ɗin ya zama gonar tumatir.
Na ce, to can, bayan giginyun nan uku.
Muka tarar da injin ban ruwa yana tari, ƙasa ta tsage kamar kaushi.
Na ce, akwai wani kwari da muke kamun tarwaɗa da hannu.
Bulo ake bugawa a ciki.
Ba ta ce komai ba, ta dai rufe bakin alƙalaminta.

Sai da la'asar ta yi sanyi muka same su,
a gindin kacalla, su kamar goma,
suna tashi suna sauka kamar masu daka ba turmi.
Kwana huɗu muna yawo.
Ɗigo bakwai ta yi a takardarta.
Da a zamanin Adda ne, da tawada ta ƙare.

To wannan fa, daga ina?
Tafki da nisa, fiffikensa ba na doguwar tafiya ba ne.
Na zauna ina lissafi, sai na tuna
bayan ɗakin nan, gindin ayabar uwarka,
inda randa ke zubar da hawaye,
inda ruwan alwalarmu ke taruwa shekara goma sha biyu,
faɗinsa bai kai buzu ba.

Ɗigo na takwas ke nan, Gidado,
kuma Ladidi ba ta da shi.

Rage fitilar.
Buɗe masa taga.
Gobe in za ka wuce ta wajen, taka a hankali,
kuma kada ka ƙara ce wa uwarka ta toshe randar nan.